Ranar da Aka Ci 'Yan Taɓarya

Abu biyu kuke faɗa a kan ƙungiyar babanku, kuma duka biyun ba haka suke ba. Na farko, kuna cika baki a gaban 'ya'yanku wai ba a taɓa cin ƙungiyar ba. Na biyu, wanda ya fi ci mini rai, kuna raɗa a tsakaninku da Larabcin nan naku mai sauri, kuna zaton kunnena ya mutu, wai wasan babanku ne ya sa aka kama Yayanku aka jefa shi a jirgi. Babanku yana kwance a ƙasar Makka, Allah ya ji ƙansa, ba zai tashi ya kare kansa ba. Ni ce na rage, kuma ina wurin aka yi komai. Don haka wadda Hausarta ta fi dama-dama a cikinku ta karanta wa sauran, kada ta tsallake mini layi.

Kafin ya aure ni, babanku ya yi aiki can gabas wajen teku, a wata unguwar ma'aikata Turawa. A lokacin yana da kafili, Balaraben da ya tsaya masa, yana da iƙama, takardar zama, a aljihu, yana tafiya a titi ba ya waiwaye. Aikinsa ba wa ciyawar filin wasansu ruwa. Da yamma in ya naɗe tiyo sai ya jingina da wayar da ta kewaye filin yana kallon 'ya'yansu suna wani wasa da suke kira besbol. Ɗaya ya jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri, ɗaya ya maka ta da gora, ya ruga ya taka kusurwa uku ya dawo inda ya tashi kafin a tsinto ta. Kafilin ya rasu, takarda ta mutu, babanku ya tattaro ya dawo Makka, ya shige cikin 'yan'uwa a kan dutsen nan na bayan titin Mansur kamar yadda kowa ya shige. Bai zo da komai ba sai safar hannu ɗaya ta fata, mai faɗi kamar faifai, da wasan nan a cikin kansa. Haka na same shi. Wani lokaci yana barcin rana sai in ga yatsunsa suna rufewa a kan ƙwallon da babu ita, in tsaya ina kallo har tuwo ya kama ƙauri.

Taɓaryata ce ta fara tafiya. Ta icen ƙirya ce, tun daga Kazaure na ɗauro ta a cikin kayana shekarar da na zo aikin hajji, ana ta yi mini dariya a filin jirgi. Wata safiya na tashi zan daka yaji na neme ta sama ko ƙasa.

"Malam, ina taɓaryata?"

"Tana nan," in ji shi. "Ta ɗan rame ne."

Ashe ya wuni a bayan ɗaki yana kankare ta da fasasshiyar kwalba, ya sirance gindin, ya bar kan da kauri. Na yi kwana da kwanaki ba na amsa masa gaisuwa sai da kai. Matan unguwa suka ji labari, suka raɗa wa abin suna ƙwallon taɓarya, yaran da ke bin sa kuma 'Yan Taɓarya, sunan ya bi su har yau. Da fushina ya sauka ni ce na koma mai ɗinka musu ƙwallo. In naɗe robar taya ta yi dunƙule, in bi ta da zaren tsohon harami da alhazai suka bari, in rufe da fatar ragon layya, in ɗinke da basilla. Safar hannun ma da tasa na auna na ɗinka wasu, ko da yake nawa sun fi kama da takalmin kuturu, yaran ba su taɓa yi mini ƙorafi ba.

Fili kuwa Allah ne ya ba su. A wajen Kudai akwai wani shimfiɗaɗɗen wuri da ake jibge motocin alhazai. Da zarar an gama hajji, mota ta ƙarshe ta ɗaga, sai wurin ya zama wayam, babu komai sai tabon baƙin mai da kurciyoyi. Ranar nan ce farkon kakar wasansu, ƙarshenta kuma ranar da motocin azumi suka fara dawowa. Buhunan shinkafa huɗu cike da yashi su ne kusurwoyin. Babanku ya raba yaran gida biyu, na saman dutse su ne Tudu, na ƙasa su ne Gangare, duk Juma'a bayan la'asar a gwabza. Akwai shekarun da Tudu ba ta bari Gangare ta ɗaga kai ba. Akwai shekarar da Gangare ta samu tagwayen wata mai sayar da waina, masu gudu kamar an kunna musu wuta, ta rama. Akwai shekarar da ruwa ya sauko daga duwatsu ya tafi da buhunan, aka yi wata guda ana taka kwalaye. Ba a rubuta ko ɗaya ba, mu ba ma son ganin sunayenmu jere a takarda. Yara suka yi ta shiga suna girma suna fita, wasu suka yi aure, wasu aka yi gaba da su a kamen kasuwa, ƙannensu suka gaji safar hannunsu.

To ga asirin rashin cin da kuke taƙama da shi. A duk shekarun nan babu wanda ya ci su saboda babu wanda suka taɓa bugawa da shi. Waɗanda suka san wasan suna Jidda, kuma yawancinsu ba Musulmi ba ne, ba su da ikon taka ƙasar Harami. Namu kuma ba su da ikon fita, domin a kan hanya akwai shinge, a shingen ana tambayar takarda, wanda ba shi da ita daga nan sai jirgi. Su ba sa shigowa, mu ba ma fita. Shekara da shekaru 'Yan Taɓarya suna cin kansu da kansu, su dawo gida suna waƙa.

Yayanku a cikin wannan ya tashi. Ba zan rubuta sunansa ba, ɗan fari ne, kun san ba na faɗa, zan kira shi da abin da filin ya kira shi, Bahago. Shi ne mai jifan Tudu. Ni ba na zuwa kallonsa, kunya ba za ta bar ni ba, sai dai na tsiro da sayar da zoɓo a bakin filin, in zauna in juya masa gefe, wai ina ƙirga kofuna. Ta wutsiyar ido nake gani. Ya ɗaga ƙafa, ya tsaya cak kamar zalɓe, rana ta ja ja a bayan duwatsu, kurciyoyi su tashi, sai ka ji ƙwallon ta faɗa safar mai cafkewa tas, kafin mai dukan ya gama shawara. Wani lokaci har yanzu in na rufe ido bayan la'asar ina jin wannan ƙarar. A filin nan kaɗai nake ganin wuyansa a miƙe. A titi kuwa, ko motar kwasar shara ce ta taho da fitila mai juyawa, sai ka neme shi ka rasa, ya shige lungu. A nan aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa a kan Hausa, gemu ya fito masa, amma bai taɓa ganin abin da ke bayan duwatsun garin nan ba.

Shekarar da nake son ba ku labari, wani Musulmi ɗan Filifin mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, Jamilu, ya biyo ta Kudai da motarsa, ya ga yara baƙaƙe suna wasan ƙasarsu da taɓarya. Ya taka birki ya fito ya tsaya baki buɗe. Ashe shi duk hutu yana zuwa Jidda ya buga da 'yan ƙasarsu ma'aikata, suna da ƙungiya har da riguna iri ɗaya. Bayan mako biyu ya dawo da saƙo. Mutanensa sun ce suna so a haɗu. Akwai wani fili na masu kiwon raƙuma a bayan iyakar Harami, kusa da hanyar da waɗanda ba Musulmi ba suke bi su kewaye gari. Su za su iya zuwa nan. Mu kuma maƙwabcinmu Mamman Damagaram, direban tankar da ke kai wa masu raƙuman ruwa, ya ce ya san hanyar yashi da ba ta bi ta shinge, amma bai yi wa kowa alkawarin ba za a gamu da motar sintiri ba.

Ku buɗe kunne a nan. Babanku ne ya ce a'a.

"Ba zan kwashi 'ya'yan mutane in kai su bakin kura ba," in ji shi, muna zaune a tsakar gida bayan magariba. "Wasa ne. Ba a sayar da zaman Makka saboda wasa."

"Ya Baba, sau ɗaya kawai," in ji Bahago. "Mu san ko mun iya ko ba mu iya ba."

"Kun iya. Ni na koya muku."

"Kai kaɗai ka ce."

Babanku ya ture kwanon ya tashi. Ba a shiga tsakanin uba da ɗan fari, balle ni. Amma kwanakin da suka biyo baya na riƙa hawa soro shanya, in tarar da yaron yana jifan katanga shi kaɗai, ƙwallon ta dawo ya cafke, ya sake jefawa, har wurin ya yi rami. In ya gaji ya tsaya ya zuba wa duwatsun yamma ido. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Na san in aka kama shi, ƙasar da za a kai shi bai san ko mutum ɗaya a cikinta ba, kuma ni ba zan sake sa shi a idona ba. Duk da haka na sami babanku yana gyaran igiyar safarsa na zauna nesa kaɗan.

"Malam, ka bar su su je."

Ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Ke da bakinki? In aka kama yaron nan fa?"

"Kai ka ga teku," na ce. "Ni na ga Kazaure, na ga gonar gero iyakar ganin ido. Shi me ya gani? Katanga. Kuma ba za a tafi a bar ni ba, da ni za a je."

Washegari ya bi gida-gida ya gaya wa kowane uba gaskiyar haɗarin, ya ce wanda bai yarda ba ya riƙe ɗansa, babu jin haushi. Wasu sun riƙe. Waɗanda suka rage, Tudu da Gangare, a karon farko suka zama abu ɗaya.

Ranar Juma'a ce cikin sanyi. Muka yi asuba muka fita, yaran a bayan wata motar kayan gwari ƙarƙashin tamfol, Mamman a gaba da tankarsa yana nuna hanya, ni a gefen direba da tukunyar dambu a kan cinya. Muka bar kwalta muka shiga yashi. Ina ta jan carbi ina jiran in ga fitila a bayanmu, ba ta zo ba. Sannu a hankali duwatsun suka yi ta ja da baya suna gajarta, har suka kwanta. Gari ya waye a kan wani fili fari da ba shi da ƙarshe, hazo na kwance a ƙasa iyakar gwiwa, raƙuma suna tafiya a cikinsa kamar ba su da ƙafafu. Direba ya tsaya aka yaye tamfol. Yaran suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Bahago ya juya gabas, ya juya yamma, ya sake juyawa, sai ya zauna daɓas a kan yashi ya dafa ƙasa da hannu biyu.

"Ya Ummi," ya ce, "ina sama ta tsaya?"

Na kau da kai na ce ya tashi ya taya mutane sauke kaya.

Mutanen Jidda suka iso da motoci uku, gajeru, masu fara'a, da huluna da goruna na ƙarfe masu sheƙi. Suka karɓi taɓaryata suna juya ta hannu zuwa hannu, ɗayansu ya sumbaci ƙwallon da na ɗinka, ni dai na ja mayafi. Aka shata fili da garin farar ƙasa aka fara. Farkon wasan kamar a mafarki nake tuna shi. Bahago ya ɗaga ƙafar nan tasa, babu dutse a bayansa sai sarari, ya saki. Na farkonsu ya kai duka ya sami iska. Na biyu haka. Na uku ya juya ya dubi mutanensa ya yi dariya ya cire hula ya ɗaga wa yaron. Babanku yana tsaye a gefe, hawaye na bin gemunsa, bai ma share ba.

Daga nan kuma sai suka gane mu. Akwai wata dabara a wasan, mai gudu ya faki idon mai jifa ya sulale zuwa kusurwa ta gaba tun ba a doki ƙwallo ba. Babanku ya san ta sarai, amma tun ranar farko ya cire ta, ya ce ba zai koya wa yara cin amanar wanda ya juya baya ba a ƙasar Harami. To yaranmu ba su taɓa ganin ta ba. Mutum ya sulale, namu su tsaya riƙe da ƙugu suna kallon babanku, suna jiran ya ce a koma. Babanku ya sunkuyar da kai ya ce halas, haka dokar take. Suka yi ta sulalewa kamar ɓeraye a rumbu. Rana ta ɗaga, hannun Bahago ya gaji, gorunan ƙarfen suka fara aika ƙwallona can cikin raƙuma. Namu ma sun zagayo gida, ɗaya daga tagwayen mai waina har sau biyu, amma tazarar ba ta faɗuwa. An ci mu, ci mai kyau. Wannan shi ne dukan tarihin 'Yan Taɓarya da baƙi, wasa ɗaya, kuma an lallasa su. Ku daina yi wa jikokina ƙarya.

Aka baje dambu a inuwar tanka, kowa ya sa hannu, har masu raƙuman. Na zaci zan ga yaron a murtuke. Sai ga shi ya taho yana dafe da kafaɗa, fuskarsa kamar an ba shi kujerar hajji, ko da yake wannan ba kyauta ba ce a wurin ɗan Makka.

"Ummi, an ci mu," ya ce, yana dariya. "Wallahi an ci mu. Mutanen da ba su san babana ba, ba su san unguwarmu ba."

Muka kamo hanya kafin azahar, muka shigo gari lafiya lau. Ko kare bai yi mana haushi ba. Na ƙirga yaran a bakin lungu, kowa ya shiga gidan ubansa. Na yi sujada a kan simintin tsakar gida, na ce Allah na gode, ka mayar mini da shi. Ku sake karanta wannan wurin. Babu wanda ya kama Yayanku, ba a ranar ba, ba bayanta ba.

Sai dai wanda ya dawo ba ya shiga lungu kuma. In mota mai fitila ta taho sai ya tsaya a inda yake ya bi ta da kallo, ni ce nake fizgo rigarsa. Ya ci gaba da jifa a Kudai, amma in Tudu ta ci ba ya waƙa. Ya fara zama kusa da ni in ina tankaɗe, yana tambaya da gurguwar Hausarsa. Wai da gaske a Kazaure mutum yana iya tafiya wani gari don kawai ya ga dama? Wai da gaske in an tsayar da kai sunanka kawai za ka faɗa? Ina ba shi amsa, amma na san inda tambayar ta dosa. Bayan hajjin shekarar aka sanar cewa duk wanda ba shi da takarda ya miƙa kansa za a kai shi ƙasarsu ba tare da ɗauri ba, amma za a ɗauki hoton yatsunsa, kuma ƙofa ta rufe a bayansa. Mutane suka ƙara shigewa cikin ɗaka. Shi kuwa ya zo ya durƙusa a gabanmu.

Babanku ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya yi kwana uku bai ci abincin kirki ba. Ya ce masa mutane suna sayar da gona su zo nan su mutu, kai an haife ka a nan za ka fita da ƙafarka. Yaron bai ɗaga murya ba.

"Baba, ina son garin nan. Amma ban taɓa tafiya a cikinsa ba, gudu nake yi."

A ƙarshe babanku ya sa masa albarka, ya ba shi safar hannun nan ta asali. Ni ba a tambaye ni ba, kuma da an tambaye ni ban san da wane baki zan hana ba, tunda ni na ce a kai shi ya gani. Ban yi da-na-sani ba, ku ji da kyau, amma ciwon bai taɓa barina ba ko na wuni ɗaya. Yau yana Kazaure da matarsa da 'ya'yan da a waya kaɗai na san fuskarsu. Babanku ya rasu bai sake ganinsa ba. Ni kuma in na fita ba zan dawo ba, ga ku a nan, ga kabarin a nan.

Ana gobe zai miƙa kansa, da hantsi, ya leƙo ɗakina ya ce in raka shi Harami. Na ce ai jiya ma mun je. Ya tsaya yana murza bakin labule.

"Ɗawafin bankwana zan yi, Ummi. Ban san yadda ake niyyarsa ba."

Ina zai sani? Mu mazauna ba ma yin sa, na masu tafiya ne. Tun yana goye yake ganin alhazai suna yi suna kuka, yana sayar musu da ruwa da carbi a bakin ƙofa. Na ce masa babu wani lafazi, a zuciya ne, ka dai san cewa tafiya za ka yi. Muka sauka daga dutsen muka tafi a ƙasa. Ya shiga cikin taron, ni ina bayansa taku biyu, idona a kan ƙeyarsa. Farin dutsen daɓen masallacin yana da sanyi a tafin ƙafa, tsuntsaye suna kewayawa a sama, muryoyin mutane sun haɗu sun zama ɗaya kamar ruwa yana sauka a kan kwano. Ban iya tuna addu'ar da na yi ba. Na dai san ina roƙon kada zagayen ya ƙare, kuma ya ƙare.

Muka sha zamzam muka fito. A bakin ƙofa ya tsaya ya juyo yana kallon Ɗakin Allah, ya tare hanya bai sani ba. Wani mai gadi, yaro sa'ansa, ya taɓa kafaɗarsa a hankali, ya yi masa magana da irin karyayyen Larabcin da ake yi wa baƙin da ba sa jin yaren, yana nuni da hannu.

"Hanya, ya Hajji. Allah ya karɓa, Allah ya kai ka ƙasarku lafiya."

Yayanku ya buɗe baki zai amsa da Larabcin unguwarsu, sai ya fasa. Ya ce amin, da Hausa. Ya sunkuya ya ɗauko mini takalmana ya ajiye a gabana, na sa ƙafa, muka koma gida na haɗa masa kaya.